Ƙafar Alhaji Mamuda

Ku matso, wannan na Alhaji Mamuda ne, mai shagon taya a Gusau. Ciwon suga ya buɗe masa gyambo a ƙafa, shi kuwa mutum ne mai kunyar 'ya'yansa, sai ya rufe da safa ya yi gum. Abin da ya kasa gaya wa jininsa, kwamfutar shago ya gaya wa. Kullum yana neman magani a intanet, duk shafin da ya nemi izinin ajiye kukis, ƴan alamomin nan da ake bin sawun mutum da su, sai ya danna "na amince" bai karanta ba. Ai kuwa tallar wani garin magani ta dinga bin sa shafi zuwa shafi. Ya saya, ya watsar da allurar asibiti. Ƙafa ta fara ruɓewa.

Jummala, babbar 'yarsa, ta zauna a kwamfutar za ta duba atamfa. Innalillahi! Duk inda ta buɗe, hoton ruɓaɓɓiyar ƙafa. Ta san talla abin da aka nema take bi. Ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, "Baba, ka yafe mini," ta zare safar. Warin kaɗai ya sa ta kuka.

Nafi'u, mai bi mata, bai tsaya lallashi ba. Tsohon na zaginsa, ya saɓa shi a kafaɗa a gaban duk ƴan kasuwa sai asibiti. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, sai dai a yanke.

Da aka sallamo shi, wallahi tallar nan tana jiran sa, har zuciyarsa ta sake karkata, ya fara neman lambar masu garin. Hadi, autansu, ya kama shi. Ya goge kukis ɗin kaf, ya toshe masu bin sawu, ya koya masa danna "ban amince ba". Tallar ta ɓace.

Yanzu Alhaji zai miƙa makullin shago ga wanda ya ceci ƙafarsa. Jummala ta ce da Hadi ya yi gogewarsa tun farko, da ba wanda ya ga komai. Hadi ya ce da ya yi, da garin bai taɓa samun Baba ba. Nafi'u kuwa ƙafar kawai ya nuna.

To jama'a, a tafin wa Alhaji zai sa makullin nan?