Kaset ɗin Farko na Ghissa da Mai Dukan Bido

Ahmudu, 'Yargata, ku matso. Tunda kun ƙi jin magana a gida, na kawo ta nan shafin, kowa ya karanta tare da ku.

Akwai wani mutum a Arlit mai suna Nuhu, mutumin Tahoua, mai gyaran lantarki a kamfanin ma'adinai. Shekarar da kuɗin uranium ya faɗi aka sallame shi tare da ɗaruruwan mutane. Fari ya cinye dabbobi, daji kuma ya ɗauki zafi da tawaye. Gari ya cika da maza marasa aikin yi.

Cikinsu akwai Ghissa, tsohon direban motar ma'aikata, Buzu ne dogo mai murya. Yana da gita da ya sayo a Tamanrasset, amma ba ta da ƙarfin da za a ji ta a bayan katanga.

Nuhu ya taɓa jin wani kaset da wani injiniya Bature ya bari, gita a ciki tana gurnani kamar injin haƙa. Ya samo batirin mota da tsohuwar rediyo da lasifika mai yagaggen ciki, ya haɗa wa Ghissa. Yagewar nan ce ta ba gitar irin wannan gurnani. Shi kuma Nuhu ya ɗauki bidon ruwa, wato jarka, yana duka kamar ganga. Wata bazawara mai suna Tata da ƙawayenta suna tafi da amshi.

Waƙa bakwai suka shirya. Akwai ta rijiyar da ta ƙafe, akwai ta raƙumin da aka sayar a kan buhun gero. Wadda ta fi shiga ran mutane ita ce ta motar ma'aikata da ta daina tsayawa a ƙofar gida. Nuhu ne ya tsara ta, Ghissa ya juya ta da Buzanci.

A lokacin, duk wanda zai ɗauki kaset, kafin waƙar farko yakan faɗi sunan kowa da ke wurin, ya gaishe shi. Wannan shi ne duk ladan mai tafi da mai kiɗa.

Da hantsi suka taru a tsakar gidan Tata. Aka danna rikoda. Ghissa ya faɗi sunansa, da na mahaifinsa, da unguwarsu, ya maimaita, sai ya saki gita.

Da aka gama, Nuhu ya ce, "Aboki, mi ya faru? Ban ji sunanmu ba."

Ghissa ya gyara rawani. "Mai dukan bido ma sai an faɗi sunansa? Kowa yana iya dukan bido."

Tata ta ce, "To gobe ka zo ka yi wa kanka tafi, mai hannu huɗu!"

Abin ya yi wa Nuhu ciwo, amma ya naɗe wayoyinsa, kuma da aka yi biki a ƙarshen mako ya zo ya haɗa su kamar kullum.

Direbobin manyan motoci suka kwashi kaset ɗin zuwa Anou Araren da Agadez, ana ta kwafa. Ko'ina ana cewa kaset ɗin Ghissa. Ghissa ya daina gaida Nuhu sai in batir ya mutu.

Sai zamani ya ƙara tsanani. Duk kaset mai gita aka ɗauke shi na 'yan tawaye. A wani shingen bincike aka sami nasu a motar wani direba, aka saka. Jami'an tsaro ba su sha wahalar nema ba. Ga suna, ga sunan uba, ga unguwa, har sau biyu.

Ranar da aka tafi da Ghissa, Nuhu ya zauna a ƙofar gida da takalminsa a ƙafa, yana jiran a zo kansa. Ya san za a tambayi Ghissa wa ke kiɗa. Kwana uku yana jira, ba wanda ya zo.

Wata goma sha huɗu Ghissa ya yi a tsare. Duk tsawon lokacin nan, in Nuhu ya gyara rediyo ya sami gero, sai ya raba biyu ya kai wa matar Ghissa.

Ghissa ya fito a rame, yatsunsa biyu sun sandare. Nuhu ya je gaisuwa. Bayan kofin shayi na biyu ya ce, "Sun tambaye ka mu?"

"Kullum."

"Mi ka ce musu?"

"Abin da na saba faɗa. Ni kaɗai ne." Ya dubi ƙasa. "Da na faɗa a gidan Tata, ƙarya na yi don in fi ku. A can kuwa shi ne kaɗai abin da ya rage mini in biya ku da shi."

Bayan an yi sulhu da 'yan tawaye suka sake taruwa. Ghissa ba ya iya danna igiya, wani ya riƙe gitar. Aka danna rikoda, Ghissa ya fara: "Nuhu mutumin Tahoua, mai waƙar mota, mai lasifika, mai bido." Ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya, har matar da ta kawo ruwa, amma bai faɗi nasa sunan ba. Tata ta ce, "Kai kuma wane ne?"

Ya ce, "Fara kiɗa, Nuhu."

Darasi: Wanda ya ɗauke yabon aikin tarayya shi kaɗai, ranar da nauyinsa ya faɗo shi kaɗai zai tallaba. Wanda aka danne kuma ya yi haƙuri, ba ya asara. Ku tura wa duk masu sana'a tare.

Ku kuma, Ahmudu da 'Yargata, wata biyu ke nan allon shagonku yana jingine babu rubutu, kowa yana cewa sunansa za a sa. Ku zauna yau ku kashe maganar nan. Ba na son in sake jin ta a bakin maƙwabta.