Turaren da Auta Ta Daina Ji

Akwai wata budurwa da duk gidansu ke kira Auta, duk da ta kai shekara ashirin da huɗu, ta kuma gama karatun aikin gilashin ido. Shekara biyu takardarta na kwance a ƙasan akwati, ita kuwa tana ta shan "za mu kira ki". Ran da aka kira ta ɗin, ihun murnar da ta yi sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga don jin ko lafiya.

Wata likitar ido ce ta buɗe sabon shago, tana neman wadda za ta riƙa gwada wa mutane gilashi. Gurbi ɗaya ne tak, masu nema biyu. Ta ce su zo su yi wuni guda tana kallon aikinsu, wadda ta fi ita za ta zauna.

Da safiyar ranar Auta ta canza kaya sau uku. Ta goge mayafi, ta sake gogewa. Ta tsaya gaban madubi tana gaishe da kanta, "Sannu da zuwa, ranki ya daɗe," sai kuma ta tuntsire da dariya ita kaɗai.

Gwaggonta, wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama, tana zaune bakin gado tana kallon ikon Allah. Shekara talatin ta yi tana aikin nas kafin ta ajiye. Ta jawo durowa ta fito da wata 'yar kwalba da ba ta wuce tsawon yatsa ba. Turaren farin fure ne, mara nauyi, irin na rana.

"Miƙo hannu," in ji ta.

Ta ɗan shafa mata a wuyan hannu, ta taɓa mata a bayan kunne, ta rufe kwalbar.

"Shi ke nan, Gwaggo? Wannan ai ko sauro ba zai ji ba."

"Sauro za ki gwada wa gilashi? Aikinki a kan fuskar mutane yake. Tsakaninki da hancinsu bai kai taƙi ɗaya ba, kuma mai ciwon ido komai ya yi ƙarfi damunsa yake. Ki riƙe wannan: nan da awa ɗaya za ki daina jin sa. Ba tafiya ya yi ba, hancinki ne ya saba. Kada ki ƙara."

Auta ta miƙa hannu za ta jefa kwalbar a jaka. Gwaggo ta mayar da abarta durowa ta rufe. "Na san halinki. Tafi, Allah Ya ba da sa'a."

Shagon sabo fil ne, sai ƙyalli. Madubi ta ko'ina, gilasai jere a bango, na'urar sanyi na ta aiki, ƙofa a rufe. Zuciyar Auta kamar ta fito don daɗi. Kafin ta gama kalle-kalle wani ƙamshi mai nauyi ya cika wurin, sannan mai shi ta shigo.

'Yar ajinsu ce a makaranta, kuma ita ce ɗayar mai neman aikin, wadda ake kira 'Yar Gayu. Gaskiya dai ta iya aiki, hannunta da sauri, bakinta kuma ya fi hannun sauri. Ta rungume Auta, ta ɗan shinshina kafaɗarta.

"Ƙawata, rana irin ta yau kika fito ba turare?"

"Na saka."

"A ina? Haba dai. Turaren da ba a ji tun daga bakin ƙofa ai ruwa ne. Ni nawa ko na bar wuri awa biyu, ana sanin na zo."

Auta ta yi yaƙe, amma maganar ta zauna mata a rai.

Wajen ƙarfe goma wani mutum ya kawo mahaifiyarsa, ya ce zai je aiki ya dawo. Dattijuwa ce da aka yi wa aikin yanar ido kwanan nan, gani take dishi-dishi. 'Yar Gayu na can tana nuna wa wani mai agogon zinare gilasai masu tsada, don haka Auta ce ta tare ta. Ta riƙe mata hannu har kujera, ta gyara mata zama nesa da iskar na'ura, ta kawo mata ruwa. Likita ta duba ta, ta ɗiga mata magani, ta ce ta huta sai idon ya lafa a gwada mata gilashi.

Da rana ta yi tsaka suka shiga ɗakin baya don su ɗan huta. 'Yar Gayu ta fito da ƙatuwar kwalba mai murfin zinare. Fesa a wuya, fesa a ƙirji, fesa a mayafi, har da tafin hannu. Sannan ta miƙo wa Auta.

"Ungo, taimaki kanki. Kin yi gumi tun safe. Kada Likita ta ce wannan ba ta san gyara ba."

Auta ta kai wuyan hannunta hanci. Babu komai. Ta sake shinshinawa, ta canza hannu, shiru. Shekara biyu tana jiran wannan rana, a ce ta rasa aiki saboda ɗan turare? Ta karɓi kwalbar, ta ɗora yatsa a kan murfin.

Sai ta tuna Gwaggo na rufe durowa. Ta mayar wa 'Yar Gayu kayanta. "Na gode, ƙawata. Bari in tsaya a haka."

"Ke kika sani," in ji 'Yar Gayu.

Suna fitowa Likita ta ce lokacin gwajin dattijuwar ya yi, kuma layin 'Yar Gayu ne. Ga wanda bai san aikin ba: ana saka wa mutum gilashin gwaji, mai gwadawa ta sunkuyo dab da fuskarsa, shi kuma ya buɗe ido ya kalle ta kai tsaye. Sai ta ɗiga alama da alƙalami a kan gilashin, daidai tsakiyar ƙwayar idon. Idan alamar ta kauce ko kaɗan, gilashin da za a yanka ciwon kai zai riƙa sa mai shi.

'Yar Gayu ta sunkuya. Idon dattijuwa ya kawo ruwa, ta ƙifta, ta yi atishawa. Ɗigon alƙalami ya zama dogon layi. Aka goge, aka sake. Atishawa ta biyu ta fi ta farko. A karo na uku hawaye har haɓa.

"Mama, ki daure ki buɗe idon mana," in ji 'Yar Gayu, muryarta ta fara hawa.

Dattijuwar ta goge fuska da gefen mayafi. "'Yata, ba ƙi nake ba. Turarenki ne yake shigar mini ido kamar hayaƙi. Ina yarinyar safe? A kira mini ita."

"Wacce, Mama?" Likita ta tambaya.

"Ina na ga idon ganin fuska? Amma tana ƙamshin farin fure, kaɗan-kaɗan. Sai ta matso kake ji, kuma ba ya hawa kai."

Kun san abin da Auta ta yi? Waiwayawa ta yi, tana neman mai ƙamshin a bayanta. Sai da Likita ta yafito ta sannan ta matso. Dattijuwar ta laluba ta kama wuyan hannunta, ta kai hanci, ta yi murmushi.

"Ita ce. Zo ki gwada mini, 'yar albarka."

Auta ta sunkuya. "Mama, kalle ni nan, kada ki motsa." Ido ya tsaya cak, babu hawaye, babu atishawa. Ɗigo a dama, ɗigo a hagu. Likita ta ɗora gilashin a na'ura ta duba, ta ɗago ta ce daidai yake.

Da aka tashi aiki ta kira su ofis. Ta ce wa 'Yar Gayu, "Hannunki yana da kyau, ba zan ɓoye miki ba. Amma a aikin nan mara lafiya ne a gaba, mu muna baya. Ki gyara wannan, za ki samu wuri." 'Yar Gayu ta sunkuyar da kai.

Sannan ta juyo wurin Auta. "Gobe ƙarfe takwas. Kuma yadda kika zo yau, haka nake so ki riƙa zuwa."

Auta ba ta san yadda ta isa gida ba. Tun daga ƙofa take kira, takalmi ɗaya a waje ɗaya a ciki. "Gwaggo! Na samu! Kuma turaren yana nan, wallahi bai tafi ba, ni ce na daina ji."

Ta faɗa jikin Gwaggo tana dariya tana hawaye, tana ba da labarin daga ƙarshe zuwa farko. Gwaggo ta bari sai da ta numfasa. Sannan ta jawo durowa, ta ɗauko 'yar kwalbar, ta danƙa mata a tafin hannu.

"Riƙe a wurinki," ta ce. "Yanzu kam kin isa."

Darasi: Ba sai ka cika wuri da kanka ake sanin darajarka ba. Ado da turare, musamman na rana da na wurin aiki, a yi su daidai yadda na kusa da kai zai ji daɗi, ba yadda zai cutu ba. Kuma idan ka daina ganin alherin da ke tare da kai, kada ka ɗauka ya gushe har ka biye wa masu zuga, akwai wanda yake amfana da shi. Ku tura wa 'yan uwa da ƙawaye, musamman wadda kuka san tana shirin fita neman aiki.