Ba Ruwan Mai Allo

An yi wani mutum a Sule Tankarkar, a shekarun farko bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa. Ba za mu kama sunansa ba, don 'ya'yansa suna nan da ransu. Tsohon malamin firamare ne. Da ya ajiye aiki, sai ya sayi 'yan shanu da kuɗin sallamarsa ya ɗaure a gida, ya kuma buɗe ɗan shago a bakin tasha yana sayar da batir da ashana da sabulu.

A jikin bangon shagon ya shafa baƙin fenti ya yi allo. Kullum da safe yakan saurari rediyo, ya tare direbobi ya ji abin da ke gari, sannan ya ɗauki alli ya rubuta: yadda gero ya kwana a Gumel, inda taki ya sauka, hanyar da ruwa ya cinye. In kana neman wani abu, allon zai gaya maka wurin wanda za ka je. Wanda ya iya boko ya karanta wa wanda bai iya ba. Mai allon kuwa ko sisi ba ya karɓa.

A can ƙasan allon akwai wani rubutu da ya yi da farin fenti don kada ruwa ya wanke: "Abin da muka ji muke rubutawa. Wanda muka tura ka wurinsa, tsakaninku ne. Ba ruwan mai allo."

Ya 'yan uwa, wannan magana a kanta ba laifi ba ce, don ɗan Adam bai san gaibu ba. An taɓa yin ranar da ya rubuta taki ya sauka a Gagarawa, mutane suka kwasa suka tarar ya ƙare. Suka dawo suna faɗa, ya nuna musu farin rubutun, aka yi dariya aka watse. Bai sani ba, kuma kowa ya san bai sani ba.

To, yana da maƙwabcin gona mai suna Sajo. Sajo bai yi boko ba, amma ba ya wuce shagon sai ya tsaya ya ce, "Malam, me allo ya ce yau?" Wata shekara allon ya ce riɗi zai yi daraja. Sajo ya ji, ya shuka riɗi. Malam kuwa da ya rubuta da hannunsa bai shuka ba, tsoro ya hana shi. Riɗi ya yi daraja. Sajo ya sake rufin gidansa da kwano. Da shekara ta zagayo ya sauke farali, aka koma kiransa Alhaji.

Daga nan wani abu ya shiga zuciyar Malam ya zauna. In ya ga hasken kwanon gidan Sajo da rana, sai ya ji kamar an watsa masa barkono a ido. In ya ji an ce "Alhaji Sajo", sai ya ce a ransa: da allona ya yi arziki, ni kuma ina nan ina ƙirga ƙwayar ashana. Sajo ya kawo masa tsarabar dabino da hula daga Makka. Ya karɓa yana murmushi, ya jefa hular ƙarƙashin gado. Me Sajo ya ƙwace masa? Ba komai. Hassada ba ta buƙatar a ƙwace maka wani abu, ya ishe ta a bai wa wani.

Gab da damina Sajo ya fara cigiyar shanun huɗa. A makon ne wani direban babbar mota ya tsaya sayen batir, ya rage murya ya ce wa Malam, "Akwai wani Dogo a bayan kara, kasuwar shanu, a Maigatari, yana karyar da bijimai da araha. Kada ka tura kowa. Daga garken da ciwon huhu ya shiga aka tsallako iyaka da su. A ido lafiya lau suke, amma abin yana ciki."

Washegari Malam ya ɗauki alli. Ya rubuta: "Mai neman shanun huɗa masu sauƙi, ya nemi Dogo a bayan kara, Maigatari."

Sajo ya zo kamar kullum. "Malam, me allo ya ce yau?"

Malam ya duƙar da kai yana jera sabulu. "Maƙogwarona ba daɗi yau, Alhaji. Wani ya karanta maka."

Kun ga dabarar? Bai so maganar ta fito daga bakinsa. So yake ta fito daga allo, shi kuma allo ai ba ruwan mai shi.

Ranar Alhamis Sajo ya tafi Maigatari ya dawo da bijimai biyu farare, masu ƙiba, kowa na yabawa. Amma akwai abin da Malam bai lissafa ba. Sajo mutum ne mai riƙe alheri. Ya ce ba zai sa sababbin shanu a gonarsa ba sai sun fara huɗe gonar wanda ya nuna masa hanya. Da la'asar ya kora su gidan Malam don su kwana a can, a kama aiki da sassafe. Malam yana shago. Matarsa Kande ta yi ta godiya, ta sa aka ɗaure su tare da shanun gida, ta dama musu dusa a komi ɗaya.

Malam ya shigo ya tarar da bakunan shanunsa da na baƙin a cikin ruwa guda. Sai ya manta da duk wata dabara.

"Kande, wa ya ce ki haɗa su? Kashe min shanu za ki yi?"

Ya zaro wuƙa ya yanke igiyoyin, ya kora bijiman waje da sanda. Ya kifar da komin, ya tara kara a turken ya cinna wuta. Maƙwabta suka leƙo ta kan danga suna kallo. Sajo yana tsaye a ƙofar gida, bai riga ya tafi ba.

"Malam," in ji shi a hankali, "me ke damun shanuna?"

Ya 'yan uwa, a nan Allah ya buɗe masa ƙofar tuba. Kalma ɗaya da ta isa a killace bijiman nan. Amma ya dubi farar rigar Sajo, ya ce, "Ba komai. Ni dai ba na son baƙin shanu a gidana."

Sajo ya kora abinsa ya tafi, ransa a ɓace. Da safe ya kai su rijiya, inda shanun unguwa duka ke sha.

Kafin gero ya kai gwiwa, tari ya fara. Bijiman Sajo suka kwanta. Na Malam suka bi, ɗaya bayan ɗaya, har turken ya zama fili. Sai na maƙwabta, har da saniyar wata gwauruwa da nononta ne abincin marayunta. Aka nemi Dogo a Maigatari, an ce ya daɗe da tsallaka iyaka.

Aka taru gaban dagaci. Malam ya miƙe ya ce kowa shaida ne a kan abin da ke rubuce a ƙasan allonsa: abin da ya ji yake rubutawa, cinikin kuwa tsakanin Sajo da Dogo ne.

Dagaci ya bar shi ya gama. Sannan ya ce, "Malam, rubutun nan naka yana wanke ka daga abin da ba ka sani ba. Amma ranar da ka ƙona turkenka, shanun nan ko tari ba su fara ba. Me ka gani da mu ba mu gani ba?"



Ba a ɗaure shi ba. Mutane dai suka daina tsayawa a shagonsa, har ya rufe. Kande ta tafi gidan iyayenta a Gumel, ta ce ba ta iya haɗa ido da matan unguwa. Da lokacin noma ya yi, gari ya fita gayya a gonar Sajo, da kiɗa da fura. Malam yana tsallaken iyakar gona shi kaɗai da fartanya, ciyawa ta fi ƙarfinsa. Wani da ya wuce ta wurin ya ce ya gan shi ya dogara da ƙotar fartanya yana kallon taron, yana cewa, "Dubi yadda suke sonsa." Shanu sun tafi, mata ta tafi, mutunci ya tafi, amma ciwon nan na zuciyarsa yana nan bai rage ba.

Ya 'yan uwa, ku da kuke ba da labari, ku da ake tambaya wurin wa za a je, ku ji tsoron Allah. Cewa "ba ruwana" tana rufa wa mai kuskure asiri, ba ta rufa wa mai mugun nufi. Wanda ya san akwai rami ya nuna wa ɗan uwansa hanyar, shi ya tura shi, ko da bai taɓa shi da hannu ba. Za ka iya kare kanka gaban mutane da fenti. Ranar da za a tona abin da ke cikin ƙiraza, da me za ka kare?

Allah ya wanke zukatanmu daga ƙyashin ni'imar da ya yi wa waninmu. Allah ya sa harsunanmu da alƙalumanmu su zama shaida gare mu, ba a kanmu ba. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.