Karnukan da Aka Ɓoye a Ƙarƙashin Gini

An yi wani mutum a nan unguwar Tremont, ba zan kama sunansa ba. Shi ke kula da wani dogon gini, makullan ɗakin ƙarƙashin ƙasa suna hannunsa. Sahun farko a masallaci kuwa ba ya wuce shi.

Da ya ga yadda mutanen garin nan ke rububin 'yan kwikwiyo, sai ya sayo karnuka mata ya zuba a keji can ƙasa, suna haihuwa yana sayarwa. Ba taga, ba iska, ba likita.

Matarsa Zuweira ta ce, "Malam, ka je ka yi lasin mana. Hukuma su zo su yi inspection, su duba, a gyara wurin nan."

Ya ce, "Ke! Sunana ya fito, a ji a masallaci ina kiwon kare? Da wane ido zan kalli jama'a?"

Ya 'yan uwa, abin da ke ƙona mini rai ke nan. Bai ji kunyar Allah ba, kunyarmu ya ji. Da sanda yake tura musu kwano, kada yawu ya taɓa masa riga. Kejin ma ba ya wankewa, wai najasa.

Babbar Sallah ta faɗo tsakiyar zafi. Ya saka sabuwar shadda, ya zo bakin matakala, ya ji suna haki, ya ce in ya sauka warin kare zai bi shi filin idi. Ya ce sai ya dawo. Daga idi sai yanka, daga yanka sai yawon sallah. Ruwa ya ƙare a kwanuka.

Wari ne ya tona shi. Maƙwabta suka kira hukuma. Ana fitowa daga azahar ana fito da kejin, jama'ar da yake ɓoye wa suna tsaye suna kallo. Wata uwa ta mutu, 'ya'yanta na tsotsonta. Aiki ya tafi, gidan da aka ba shi saboda aikin ya tafi, ga kotu a gabansa. Shaddarsa dai fes take.

Wane irin tsarki ne wannan? Ba mu ji an gafarta wa wani don ya shayar da kare ba? Duk mai ran da ka kulle, amanarsa tana wuyanka. Ka bi doka a duba, ko ka bar sana'ar.

Allah ya kiyaye mu da tsabtar riga da ƙazantar zuciya. Amin.