Sakamakon Tela

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, kuma wannan ba jita-jita ba ce, daga bakin maigidana na ji, don shi ke kula da kwamfutocin wajen aikin mutumin. Ku yi haƙuri in kun ji gwaranci, 'yata ce a cinyata, jiya haƙorinta na farko ya fito, duk wanda ya shigo sai na nuna masa. To, mu koma kan mutumin.

A wani ƙaramin asibiti yake aiki, a ɗakin da ake shigar da sakamakon gwajin jini. Ɗan ɗaki ne mai fanka ɗaya da tagar miƙa takarda. Abokan aikinsa Rediyo suke ce masa, don ba ya jin magana ta kwana a cikinsa.

Kwamfuta biyu ce a teburinsa, ta asibiti da tasa ta kansa. Akwai wata manhaja da ta haɗa su, maus ɗaya da kibod ɗaya ke aiki a duka biyun. Ka ja maus ya fita daga wannan allon ya faɗa wancan. Ni ranar da maigidana ya nuna min har dariya na yi. Kuma in ka kwafi rubutu a wannan, sai ka liƙa shi a waccan.

Nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Rediyo in ya ga sunan wanda ya sani, sai ya kwafe sakamakon ya ajiye a tasa. Ba sayarwa yake yi ba, daɗin sani ne kawai. Da yamma ya zauna cikin abokai ya ce, "Wane da kuke gani yana ta ramewa, hmm, ku dai bar shi." Su kuma su matso.

Sai maigidana ya bi ofis-ofis ya toshe wannan hanyar. Maus ya ƙetara, amma rubutu ba ya ƙetarawa. Rediyo ya ce, "Injiniya, yanzu mu ɓarayi ne?" Maigidana ya ce, "Ni ban ce ba. Amma yatsanka ya fi kanka sauri." Aka yi dariya. Bayan kwana uku Rediyo ya saka tsohuwar manhajar a ɓoye, ya buɗe abinsa.

Wata rana da hantsi sakamakon telan unguwarsu ya iso. Mutumin kirki, shi ke ɗinka wa Rediyo kaya tun yana saurayi. An same shi da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Rediyo ya kwafe.

Kafin ya ajiye, matarsa ta kira. Ta ce ya tura sanarwar gyaran famfo a guruf ɗin unguwa, mutane na jira. Da safe ya riga ya kwafi sanarwar, yana zaton tana nan. To ita kwamfuta, ya 'yan uwa, abin ƙarshen da ka kwafa kawai take riƙewa. Ya ja maus zuwa tasa kwamfutar inda guruf ɗin ke buɗe, ya liƙa, ya tura, ya tashi amsa wata tsohuwa a taga. Bai duba ba.

Mutum ɗari da wani abu ne a guruf ɗin. Kafin ya dawo ya goge, an riga an ɗauki hoto.

Kun san abin da ya fi ci min rai? Telan bai ma karɓi sakamakonsa ba tukuna. Likita bai zauna da shi ba. Yana shago da tef ɗin awo a wuya wayarsa ta yi ƙara, ya karanta tare da kowa.

A ranar aka kori Rediyo, maigadi ne ya raka shi bakin ƙofa. Babu asibitin da ya sake ɗaukarsa. Abokan da ke matsowa jin labari, yanzu in ya zauna sai su tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa na tunanin ko nasa ma yana cikin kwamfutar. Mahaifiyarsa ta daina amsa gaisuwarsa.

Shagon tela kuwa ya bushe. Mutane suka riƙa aikowa a karɓo musu yadinsu. 'Ya'yansa aka hana yara wasa da su. Dole ya tattara keken ɗinkinsa ya bar unguwar.

Ranar da zai tashi ya zo ƙofar Rediyo da leda a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ga yadinka, na yanka ban ɗinka ba. Ka kai wa mai lafiya."

Rediyo ya durƙusa yana kuka. "Wallahi kawu, kuskure ne."

Tela ya ce, "Turawar ce kuskure. Kwafar fa?"

Ya 'yan uwa, me za ka amsa? Ranar da Rediyo ya buɗe abin da aka rufe, ranar ya faɗi, sauran duk jira ne. In wajen aikinki ko na mijinki aka toshe wata hanya, kada a ce takura ce, asirin wani bawan Allah ake tsarewa. Mu ma da muke matsowa jin labarin ciwon mutane, da masu gudun mara lafiya, kada mu ɗauka mun fita.

Allah ya ba telan nan lafiya da maƙwabta na gari. Allah ya rufa mana asiri, ya kiyaye mu daga cin amana.