Mutumin da Ya Kwance Birkin Babur

An yi wani mutum a nan Riyad, a unguwar Gubaira, mai kai wa mutane abinci a kan babur. Ga fara'a, ga kyauta, in ya shigo majalisa sai kowa ya dara. Aibinsa ɗaya ne: ba ya jure a yabi wani a gabansa.

Wata Juma'a bayan salla, abokansa suka taru suna kallon wasan ƙarshe na gasar tseren babura ta wata ƙasa a waya. Irin tseren nan ne da ake kewaya fili mai turɓaya, baburan kuwa ba su da birki sam. Aka fitar da sakamako, wani saurayi ya zo na ɗaya ya ɗaga kofi, majalisa ta ɗauki "Masha Allah".

Yabon ya tsaya wa mutuminmu a rai. Ya ce, "Wannan ne gwani? Ni da na yi acaɓa a Kano? Gobe ku same ni a kwarin Wadi Hanifa."

Matarsa Mansura ta tarar da shi yana kwance birki. Ta ce, "Haba Baban Hajar, babur ɗin kafil ne fa, uban gidanka, amana ce. Iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, a hannunsa take."

Ya ce, "Khalas, ya isa, zagaye ɗaya ne kawai."

Ya 'yan uwa, mai kofin nan da takalmin ƙarfe yake tokare ƙasa a kwana, bayan ya yi shekara da shekaru yana koyo. Namu da silifas ya je. Kwanar farko ya sa ƙafa, ƙafa ta karye, babur ya daki dutse ya tarwatse. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Kafil ya sallame shi, iƙama ta tafi. Wallahi mun yi kewarsa. Me ya rasa a da? Ci ko sha? Tafi kawai yake nema, shi ma bai samu ba.

Birkin mumini tawali'u ne da riƙon amana. Wanda alfahari ya sa ya kwance shi, kwana ɗaya ta ishe shi.

Ranar komawa gida, a filin jirgi, Mansura tana tura shi a keken marasa lafiya, suka zo wata 'yar gangara. Ya damƙe hannunta, ya ce a hankali, "Mansura, wannan dai yana da birki ko?"

Allah ya ba shi lafiya, mu kuma Allah ya kiyaye mu da alfahari.