Masara da Ƙurajen Ƙafar Wake

Ga ta nan, ga ta nanku, daga gona ta fito.

Ta zo mu ji abin da ta ɗauko.

Wata Masara ce a gonar wani mutum wai shi Nomau, doguwa, koriya shar, ga gemu ga jin kai. Burinta ɗaya a duniya, ta yi goyon da za a ajiye shi iri. A gindinta kuwa Wake ne ke yaɗo, shekara da shekaru.

Rannan ruwa ya zaizaye ƙasa, saiwar Wake ta fito. Masara ta leƙo, ta ga wasu ƙuraje curi-curi.

Ta ce, "Kai Wake, wace cuta ce wannan a ƙafarka?"

Ya ce, "Ba cuta ba ce, Yaya, ɗakunan baƙina ne. Ƙanana ne, ido ba ya ganinsu. Abincin da ke sa ganye kore yana cikin iska, amma ɗanye ne, ba ya ciyuwa. Su ke kamo shi su dafa a ƙarƙashin ƙasa. In ba su zaƙi, su ba ni in ci. Ragowar ta zauna a ƙasa, ke ma ki tsotsa."

Masara ta yi tsaki. "Ni ce mai cin ragowar mai ƙuraje? Iskar da kaina ke cikinta, kai da ke kwance a ƙasa za ka ba ni labarinta?"

Ta tasa Nomau a gaba, ko ita ko Wake. Nomau shi ma kan nasa ba ya ja. Ya dubi tsawo, ya tuge Wake, ya wurga shi gonar Gero.

Damina ta zagayo. Masara ta baza ganye tana haɗiyar iska. Ta haɗiya, ta haɗiya, ciki wayam. Saiwarta ta laluba ƙasa, babu. Sai ta ce wa ganyenta na can ƙasa, "Tsoho, ba ni koren jikinka in kai wa na sama." Ta zuƙe shi, ya koma rawaya.

Wake ya ɗago murya daga gonar Gero, "Yaya, in dawo?"

Ta ce, "Kwalliya ce, rawaya ake yayi bana."

Yunwa ta ƙara cizo, ta zuƙe ganye na biyu.

"Yaya, in dawo?"

"Rage nauyi nake, kai dai ji da ƙurajenka."

Ta zuƙe na uku. Wannan karon Wake bai ce uffan ba. Masara ta kasa kunne, ta kasa kunne, tsoro ya kama ta. Amma ta buɗe baki ta kira shi? Ina, girman kan bai bari ba.

Kaka ta yi. Gero ya cika rumbu. Nomau ya ɓare goyon Masara, sai totuwa, ƙwaya nan ɗaya can ɗaya kamar haƙoran tsohuwa. Wa zai ajiye wannan iri? Ya sare ta, ya watsa wa jakinsa. Jakin ya shinshina, ya kaɗa kunne, ya juya ya nufi harawar Wake.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa rumbun Gero. Kafin ka kori mai muni daga gindinka, ka fara tambaya wa ke dafa abincin da kake ci.